Matajin da Ba a Wanke Ba

Shagon Makitsiya ɗan ƙarami ne, a bakin layi, tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya. Abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba: benci ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, tabarmar da yara ke zama, da gwangwanin madara da take zuba mataji da tsinken kitso a ciki. Sai wani shuɗin tawul da take shimfiɗawa a cinya, inda duk wadda za a yi wa kitso ke ɗora kai. Amma hannunta yana da kyau, ba ta ja da zafi, kuma ba ta da yawan magana. Matan layin sukan ce in kina son sirrinki ya kwana lafiya, ki faɗa wa Makitsiya.

Mutum ɗaya ce kawai take shakka, wato Yaya, yayar mijinta. Ita ta raine shi tun uwarsu ta rasu, saboda haka Makitsiya ba a yayar miji ta ɗauke ta ba, a uwar miji take ganinta. Ba ta taɓa iya haɗa ido da ita ba. Yaya kuwa an san ta da tsafta, har ana cewa ƙuda ma sai ya wanke ƙafa kafin ya shiga gidanta. 'Yarta ɗaya tal, wadda kowa ke kira Gimbiya, ba ta wasa da yaran layi. Makarantarta ma a wata unguwa take, mota ke zuwa ɗaukar ta har ƙofar gida.

Ana jibi za a koma makaranta, shagon ya cika da yara har bakin ƙofa, sai ga Yaya riƙe da hannun Gimbiya. Ta kaɗe benci da gefen mayafinta kafin ta zauna. Ba wanda ya ce mata ta bi layi.

"Amarya," haka take kiran Makitsiya har yau, ko da yake auren ya kwana biyu, "ƙanana nake so. Ƙanana sosai, waɗanda za su kai mata wata ba a taɓa ba. Ba ni da lokacin zarya."

"To, Yaya."

Gimbiya ta zauna a tabarma, ta kwantar da kai a kan tawul. Makitsiya ta ɗauko babban matajinta baƙi ta taje gashin, sannan ta sa tsinke ta tsaga shi daga goshi zuwa ƙeya. A can ƙeyar, kusa da bayan kunne, ta ga wasu 'yan fararen abubuwa jere a gindin gashi. Ta ce a ranta amosani ne. Ta hura, ba su tashi ba. Ta sa farce ta ja, ta ji sun manne kamar an liƙa su da gam. Tana cikin haka sai ga uwar gayyar da kanta ta fito daga tsagar, tana tafiya a hankali kamar mai zagaya gonar gado. Ƙwarƙwata ce, ƙosasshiya.

Makitsiya ta ɗan ɗago ido. Daidai lokacin Yaya tana yi wa matan da ke kan benci lacca.

"Ni fa mace ƙazama ko ruwa ba na sha a gidanta. Sai ki ga uwa ta ci kwalliya, kan 'ya'yanta kuwa kamar sheƙar angulu. Ai in kina son sanin mace, ba fuskarta za ki duba ba, kan 'yarta za ki duba."

"Wallahi kuwa, Yaya," in ji matan.

Makitsiya ta danne ƙwarƙwatar tsakanin faratan manyan yatsunta. Ta yi 'yar ƙara, ƙas.

"Mene ne?" Yaya ta juyo.

"Ba komai, Yaya. Ɗan amosani ne."

"Amosani a kan Gimbiya? Sai dai ko man nan da kike shafa musu ne."

"Wataƙila shi ne."

Ta ce a ranta in mutane sun ragu za ta ja ta gefe ta faɗa mata. Ko kuma ta faɗa wa mijinta, shi ya san yadda zai yi da yayarsa. Tana wannan saƙa da warwara hannunta bai tsaya ba. Layi bayan layi ta kitse gashin, ƙanana masu kyau, ta rufe ƙwayayen nan a ciki kamar mai ajiyar iri.

Da ta gama, ta san abin da ya kamata ta yi. Uwarta da ta koya mata kitso ta sha faɗa mata cewa duk ranar da kika ga ƙwarƙwata, mataji da tawul sai ruwan zafi kafin su taɓa wani kai. Ga butar dafa ruwa can a kusurwa. To amma Yaya ba ta tashi ba, hira ta yi daɗi. A tashi a dafa ruwa a tsoma mataji a gabanta, nan take bayan an sauke kan 'yarta, ai daidai yake da a ɗauki lasifika a yi shela a layi. Makitsiya ta dubi butar, ta dubi Yaya. Sai kawai ta goge matajin a jikin zanenta.

"Wa ke biye?"

'Yar Mai Wanki ce ke biye. Uwarta ce ke yi wa rabin gidajen layin wanki da guga, tana zaune a wani ɗaki da take haya a bayan gidan Yaya, ita da 'yar tata su kaɗai. Ba ta kiran yarinyar da komai sai Uwata. Yarinyar tana da gashi mai yawa, baƙi wuluk, har gadon baya, kullum yana ƙamshin sabulun wanki. Makitsiya ta duba shi tun daga goshi har ƙeya, ba ta ga ko ƙura ba. Ta kwantar da kan a kan shuɗin tawul ɗin nan, ta luma baƙin matajin nan a ciki. Bayanta yara da yawa suka biyo.

Ba ta faɗa wa Yaya ba. Ba ta faɗa wa mijinta ba. Duk ranar da ta ɗaura niyya sai ta fasa.

Ba a yi nisa da komawa makaranta ba yaran layin suka fara susa. Ka ga yarinya an aike ta, hannu ɗaya riƙe da kwano, ɗayan yana cikin kai. Iyaye suka fara tsefe kawuna a tsakar gida, ana jin ƙas, ƙas ta kan katanga. Maganar kuwa ba ta da wurin zama sai bencin Makitsiya.

"Ni tunda nake ban taɓa ganin irin wannan ba," in ji matar tela. "Na sa kananzir, na sa man zafi, bayan kwana biyu sai ka ce an sake shuka su."

"Ai tashi suke yi," in ji wata. "Da kin tsaya kusa da mai su, sai su yi tsalle su faɗo miki."

Yaya ta gyara zama. "Ku daina wahalar da kanku. Kowane rafi yana da mafari. Wa ke kwana cikin tsummokaran mutane a layin nan? Wa ke tara kayan dattin gida goma a ɗaki ɗaya, 'yarta tana birgima a kai? Ni Gimbiya ma na ga ta fara taɓa kai, kuma na san daga zanen gadon da ake kai wa matar nan ne."

Matan suka ce, "Af! Ashe!"

Makitsiya tana tsakiyar yi wa wata kitso. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tsinken ya kuɓuce mata ya faɗi, ta sunkuya ɗauka ta daɗe ba ta ɗago ba.

Kafin mako ya zagayo, mata sun bi sun kwashe kayansu daga wurin Mai Wanki, wasu ma da danshinsu. Igiyoyin shanyarta da kullum suke cike suka koma wayam. Sannan wata safiya Makitsiya tana share ƙofar shago ta ga yara sun biyo wata yarinya suna tafi suna cewa, "Ƙwalƙwal, ƙwalƙwal, a ba mu aron madubi!" Sai da yarinyar ta zo kusa ta gane ta, 'yar Mai Wanki ce. Ɗankwalinta ne ya zame. Babu gashi ko sili ɗaya, an aske shi tas da reza.

Da hantsi Mai Wanki ta zo da kanta. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya, ta miƙo tawul-tawul ɗin shagon da Makitsiya ta ba ta, an wanke an goge an ninke.

"Ƙanwata, ki yafe mini," in ji ta, muryarta a ƙasa. "An ce Uwata ce ta kawo miki abin nan shago. Wallahi ban san inda ta samo ba. Ina wanke mata kai, Allah ya sani. Na ɓata miki sana'a."

"A'a, Anti, ba komai," in ji Makitsiya.

Abin da ta iya faɗa ke nan. Ba komai. Bayan matar ta tafi ta zauna da tawul ɗin a cinya, suna ƙamshin guga, tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai ta fara lallashin kanta. Ba an ce tashi suke yi ba? Ba an ce suna tsalle ba? To wa ya san daga inda suka faɗo wa yaran? Wataƙila a makaranta ne, wataƙila a wurin ɗiban ruwa. Wataƙila ko da ta dafa matajin abin da zai faru sai ya faru. Ta riƙe wannan wataƙilar kamar wanda ruwa ya ci ya samu kara.

Ƙaiƙayi dai kan masheƙiya yake komawa. Wata rana da azahar, shago ba kowa, ta ji abu yana yawo a ƙeyarta. Ta cire ɗankwali, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta sunkuya ta taje. Guda biyu suka faɗo.

"Anti Kitso, a ara mini almakashi!"

Mai gyaran waya ne, wanda kowa ke kira Injiniya, ya leƙo. Kafin ta rufe ƙyallen ya riga ya gani.

"Kai! Baƙin layin ne suka kawo miki ziyara? Don Allah kar ki kashe, ba ni ɗaya."

"Injiniya, ka rufa mini asiri."

"Asirinki a rufe yake. Ni dai so nake in ga fuskar wadda ta hana matata barci. Zo ki gani."

A kan teburinsa akwai wani gilashi mai fitila da yake duba 'yan ƙananan kayan cikin waya da shi, mai mayar da ƙwayar gero kamar ƙwai. Ya sa ɗan hantsakinsa ya ɗauki ƙwarƙwatar ya ɗora a kan farar takarda, ya kunna fitila.

"Ni fa na ga halittu a teburin nan," in ji shi yana gyara gilashin. "Kiyashi sun taɓa yin gari guda a cikin wayar wani. Kyankyaso kuwa rediyo ce gidan hayarsa. Har gizo-gizo na taɓa samu, shi ƙafarsa takwas, ya fi su duka. Amma wannan hajiyar ban taɓa ganinta ido da ido ba. La ila! Zo, zo."

Makitsiya ta sunkuya ta kara ido. Abin da ta saba murƙushewa da farce ya zama dabba sosai. Kai ɗan ƙarami mai 'yan ƙahoni biyu, ciki dogo mai gaɓa-gaɓa kamar an jera zobba, fatar kuwa har ana hango wani baƙin abu yana motsi a ciki.

"Jininki ne wancan," in ji Injiniya. "Ta ci ta ƙoshi ba ta ce an gode ba. Dubi ƙafafun. Shida ne, uku nan uku can, kowace da ƙugiya a baki kamar ta ƙaguwa. Bari ki ga."

Ya tsinto silin gashi daga ƙyallen ya kai mata. Nan take ta damƙe shi da ƙugiyoyin, ta fara hawa da sauri kamar mai hawan igiya. Ya zare gashin, ta faɗo kan takarda tana ta dabur-dabur, ta kasa gaba ta kasa baya.

"To ina fiffiken?" Makitsiya ta tambaya a hankali. "An ce tashi suke yi."

"Wane fiffike? Duba bayan da kyau, sumul yake. Tsalle kuma da wace ƙafa? Kin san ƙafar fara ta baya, doguwa mai cinya? Ƙuma ma irinta gare ta, shi ya sa ba a kama ta. Wannan kuwa duk gajeru ne, na riƙo ne kawai. Ai wannan fasinja ce, Anti. Ko dai kai ya jingina da kai ta taka ta haye, ko kuwa a ɗauke ta a mota a kai ta, a ɗankwali ko a mataji. In ba direba ba ta zuwa ko'ina."

Ya yi dariyar maganarsa. Makitsiya ba ta yi ba. Kan Gimbiya bai taɓa jingina da kan wata yarinya a layin nan ba. Wuri ɗaya ne kawai kawunansu suka taɓa haɗuwa, a cinyarta. Ta san motar, ta san direban: matajinta ne, ita ce kuma ta tuƙa. Ta koma shago ta manta ba ta ba shi almakashin ba.

Da wata ya cika Yaya ta kawo Gimbiya tsifa. Akwai mata uku a benci, har da matar tela. Yarinyar ta rame a fuska, hannunta bai bar kai ba. Makitsiya ta warware kitso na farko, na biyu, na uku. Abin da ta rufe a ciki ya yi 'ya'ya da jikoki. Fatar kan duk ta yi ƙuraje saboda susa, wasu har sun fashe. Yaya ta leƙo, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Kun gani ko? Kun ga abin da matar nan ta yi wa 'yata?" Ta miƙe tana gyara mayafi. "Yau ba sai gobe ba za ta kwashe tsummokaranta ta bar mini gida. Na yi haƙuri, na ce marainiya gare ta. Amarya, ci gaba, ina zuwa."

Ta kai bakin ƙofa.

"Yaya."

Muryar ta fito siririya, kamar ba tata ba. Yaya ta juyo. Makitsiya ba ta ɗago ba, idonta yana kan tawul.

"Ba ita ba ce."

"Me kika ce?"

"Ranar da kika kawo Gimbiya na gani a kanta. Da ƙwayayen da uwar. A lokacin yarinyar Mai Wanki ba ta ma zauna ba. Da ta zauna na duba kanta, ba komai. Ni ce ban wanke matajin ba. Da shi na yi wa yaran duka."

Matar tela ta janye hannun 'yarta daga kan tabarma.

Makitsiya ta zaci Yaya za ta ƙaryata ta, ko ta ce sharri ne. Ba ta yi ba. Ta dawo ciki a hankali, ta tsaya a kanta.

"Kin gani."

"Na gani."

"Kika ce mini amosani ne."

"Kunyarki na ji, Yaya. Ga mutane."

"Kunya." Yaya ta maimaita kalmar kamar ta tauna tsakuwa. "Kika kitse mini kan 'ya a kan ƙwari, wata guda suna cin ta, tana kuka ina dukan hannunta ina cewa za ta ɓata kitso. Kika zauna nan kina jina ina zagin baiwar Allah, kika bar ni ina ta zuba. Wannan ce kunyar? Ai da kin ja ni waje kin faɗa mini, in ji haushinki kwana biyu ya wuce."

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗaura wa Gimbiya ɗankwali a kan gashin da aka tsefe rabi, ta ja ta suka fita. Makitsiya ta bi su da ido ta ƙofa. Ba su nufi bayan gida wajen Mai Wanki ba, ƙofar gaba suka shiga aka rufe. Matan benci suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Makitsiya ta dafa ruwa. Ta fito da roba bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani, ta juye gwangwanin mataji a ciki ta kwarara musu ruwan yana tururi. Sannan ta tattara tawul ɗin shagon duka ta ƙulle a zane, ta rufe shago, ta bi lungun da ke zagayawa bayan gidan Yaya.

Ta tarar da Mai Wanki zaune a bakin ɗakinta, hannu biyu a cinya, hannuwan da ba su saba zama haka ba. 'Yarta tana gefe tana wasa da maƙalan shanya. Makitsiya ta durƙusa tun daga nesa, ta faɗi abin da ta faɗa a shago, ba ta rage komai ba. Wannan karon ya fi wuya, don ba wanda ya katse ta.

Mai Wanki ta daɗe tana kallon igiyoyin shanya.

"Ranar da na kawo miki tawul," in ji ta, "kin sani?"

"Na sani, Anti."

"Na ba ki haƙuri, kika ce ba komai."

Makitsiya ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji.

"Tun tana goye nake tattalin gashin nan. Da hannuna na sa reza, tana kuka ina kuka." Ta miƙa hannu ta shafa kan yarinyar, inda gashi ya fara tsirowa kamar sabuwar ciyawa. "Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ki bar ni tukuna."

"To, Anti."

"Mene ne a ƙullin?"

"Tawul ne. In za ki karɓa."

"Ajiye can. Ba a haɗa su da kayan kowa, ruwan zafi zan sa musu."

Makitsiya ta ajiye ta miƙe. Yarinyar ta ɗago ta dube ta.

"Anti Kitso, in ya fito za ki yi mini ƙanana irin na Gimbiya?"

Makitsiya ta buɗe baki, ta dubi uwar. Mai Wanki ta riga ta tashi tana jawo baho.

"Sai ya fito tukuna, Uwata. Ɗauko mini sabulu."

A bakin lungu Makitsiya ta yi kiciɓis da matar tela, ɗauke da ƙullin wanki a ka, ta nufo ciki. Lungun matsattse ne. Kowacce ta raɓe jikin bango ta ba 'yar'uwarta hanya, ba wadda ta dubi fuskar wata.